Bido Tamanin

Ban yi lakkwal ba, amma lissafi ya biyo ni har gida.
Bido ɗaya, dala biyar.
Zama ɗaya wurin Madam Sahiya, jika biyu.
Na ƙirga da yatsu, na ƙirga da tsakuwa
a bakin famfon Bukoki:
bido tamanin.
Kura takwas cike, in tura, in juye, in dawo,
kafin Laure ta samu minti arba'in
a kan shuɗiyar tabarmar roba.

Litinin da Alhamis, in ji takarda.
Takarda ba ta san ranar da famfo ke yin shiru ba,
sai iska ke fita daga bakinsa
kamar tarin tsoho.

Shekarar Laure huɗu.
Ƙafafunta a harɗe kamar almakashi tun tana goye,
hannun dama a dunƙule,
sai ka ce ta zo duniya da wani abu
da ta ƙi nuna mana.
An ce iska ce, an ce baki ne.
Mun yi hayaƙi, mun yi wanka da sassaƙe,
akuyar Tsahara a nan ta tafi, har da ɗanta.
Wata ungozoma ce ta ce, ku kai ta kine,
jijiya ma tana karatu in ta samu malami.

Ranar farko na tsaya a ƙofa da takalmi a hannu.
Na ga ƙatuwar ƙwallo, na ga madubi, na ga sanduna.
Na ce a raina, jika biyu don wasa?
Madam ta kifa ta a kan ƙwallon,
ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙe ta,
tana ƙirga da Zabarmanci, afo, ihinka, ihinza,
Laure na tsala kuka.
Saura kaɗan in sungume ɗiyata in fita.
Tsahara ce ta riƙe mini riga.

Wata biyar muna zuwa.
Wuya ya tsaya. Ta zauna ba matashi.

Sai damina ta faɗi.
Kowa ya tara bokiti ƙarƙashin indararo,
babu mai kiran ga-ruwa.
Ruwan da gari duka ke roƙo
shi ya kwashe mini kasuwa.
Sati uku ba mu je ba,
ƙafar ta fara komawa inda muka sayo ta.

Na je ba kuɗi, da kunya kawai.
Madam ta buɗe wani littafi mai baƙin bango,
na ga sunaye sun cika shafi, ba ni kaɗai ba ne.
Ta ce ita ma haya take biya, da wuta.
Ta rubuta ni duk da haka.
Ta kama hannun Tsahara ta ɗora a gwiwar yarinyar:
nan za ki danna, nan za ki saki,
safe da yamma, ko tana kuka.

A gida na naɗe bido da tsohon zane, ya zama ƙwallo.
Na saro reshen bedi biyu, na kafa a tsakar gida.

Jiya bayan la'asar
ta kama reshen da hannun nan, na dama,
yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.
Na leƙa. Babu komai a ciki, sai gumi.
Ta tsaya.
Tsahara ta ƙirga har bakwai kafin ta zube,
ta zube tana dariya.

Gobe Alhamis.
Cikin gwangwanin tumatir akwai jika ɗaya da canji,
saura bido ashirin da uku,
ban da na littafi.
Ga hadari yana haɗuwa ta gabas,
maƙwabta sun fara fito da bokiti.
Ni ma ina da gero a gonar ƙauye.
Na ɗaga hannu zan yi addu'a,
na rasa wadda zan fara.